Ranar da Na Kasa Cewa Wataƙila

Duk shekara idan damina ta yi nisa, Baffanku Sale yakan aiko mana da ɗaurin rama daga ƙauye har nan Bacirawa, kuma duk wanda ya ba wa saƙon sai ya haɗa masa da magana ɗaya: a ce wa Malam Tabbas ya duba da kyau kafin a dafa. Kun tashi kuna jin wannan saƙo kuna dariya, mahaifiyarku ma takan yi murmushi ta karɓi ganyen ta wuce madafa. A cikinku Zainab ce kaɗai ta taɓa tambayata dalili, na ce mata wasa ne irin na wa da ƙani, ta ƙyale ni. To, wasa ne yanzu, amma ba da wasa ya fara ba. Tunda kun girma, kuma na san guntun labarin yana zuwa muku daga bakin dangi, wani ya ce ni na kai ƙanina gidan yari, wani ya ce aikin gwamnati na fifita a kan jinina, gara in rubuta muku yadda abin ya faru iyakar abin da nake iya tunawa. Inda na manta zan ce na manta.

Kafin a kira ni Malam Tabbas, Malam Wataƙila ake kirana. Na dawo daga jami'a da takardar aikin gona, aka ɗauke ni malamin gona a Shanono, kuma a lokacin ni kaɗai ne mai irin wannan takarda a ƙauyenmu. Kun san yankinmu, gona na taɓa gona, idan ka yi atishawa a taka maƙwabcinka ne zai amsa maka daga tasa. Mutane suka riƙa tare ni a hanya da tambaya. Malam, wannan irin geron zai yi a jigawa? Sai in ce wataƙila, ya danganta da ruwa. Malam, tsutsar nan za ta wuce da kanta? Da alama, amma kada mu yi sauri. Ba rowar ilimi nake yi ba. Karatun ne ya nuna mini yawan abin da ban sani ba, kuma ina tsoron in faɗi magana, mutum ya zuba irinsa da guminsa a kanta, ta zo ba ta zama gaskiya ba. Sale ne ya raɗa mini sunan a ƙofar masallaci, wata rana da hadari ya haɗu baƙi ƙirin, aka tambaye ni ko za a yi ruwa.

"Ku daina wahalar da Yaya," in ji shi. "Ko a cikin rijiya kuka same shi kuka tambaye shi akwai ruwa, wataƙila zai ce muku."

Shekara huɗu na ba Sale. Ni na tafi makaranta, shi ya zauna ya zama hannun Baba a gandu, wato babbar gonar gida da kowa ke ci daga cikinta. A gefen gandun Baba ya yankar masa gayauna, 'yar gonarsa ta kansa, bayan ya auri Rabi. Da rani yakan tafi birni lodin yashi a mota, kuma a can ne, kamar yadda ya gaya mini daga baya, ya koyi shan wiwi, don abokan aikinsa sun ce tana kashe gajiya. Dole in faɗi wani abu a kaina a nan. Na ga jan idonsa. Na ga yadda yake ɓacewa bayan azahar ya dawo yana dariyar da ba ta da dalili. Na ce wa kaina wataƙila gajiya ce, wataƙila ƙurar yashi ce. Ban tambaye shi ba ko sau ɗaya.

A kan iyakar da ta raba gandu da gayaunar Sale, Inna ke shuka ramarta. Kowace shekara layi biyu, daga bakin hanya har gindin kuka. Ganyen na kwaɗo, karan kuma idan ya ƙosa a jiƙa shi a kududdufi a ɓare, Baba ya tuƙa igiyar awaki. Tun ina ɗalibi wani abu game da rama ya ba ni sha'awa. Na gani a littafi cewa sunan da masana suka ba ta, daga sunan wiwi aka ciro shi, saboda ganyen biyu sun yi kama. Na je ɗakin da ake ajiye busassun tsirrai a jami'a na roƙi mai kula da shi ya nuna mini wiwi, na ajiye ta gefen rama na yi ta kallo kusan awa guda. Na dawo hutu na ba mutanen gida labari, har na zana musu a ƙasa da tsinke. Kowa ya yi dariya, Inna ta ce ashe ramarta na da ɗan'uwa ɗan iska. Sale yana wurin, yana cin gyaɗa. Ban taɓa tambayarsa ko daga bakina ya samo dabarar ba, kuma ba na jin zan tambaya.

Shekarar da abin ya faru, an riga an yanke gero, dawa na tsaye, ramar Inna ta fi mutum tsawo ta fara fure. Ranar kasuwa ce, ban je ofis ba. Da hantsi na fito a kan babur sai na hango mota a bakin gonarmu da taron mutane. Jami'an hana shan ƙwaya ne su uku. Wani ya kai musu rahoto cewa ana noman wiwi a gonar. Wane ne, har yau ban sani ba, kuma sunayen da aka yi ta kira a gari ba zan rubuta su ba, don zargi ne kawai. Ƙaramin cikinsu, wani saurayi da ba ya jin Hausa sosai, ya riga ya tumɓuke rama ya tara ta tuli guda, yana tsaye a kanta kamar wanda ya kama ɓarawo. Mutane kuwa dariya suke yi. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta miƙa masa hannuwanta biyu.

"Ɗan nan, idan rama laifi ce, ni za ka fara ɗaurewa. Tun ba a haifi ubanka ba nake cinta da ƙuli."

Babbansu Bakano ne, mai furfura a gemu, ba ya ɗaga murya. Bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Dagacinmu ya hango ni ya yi mini hannu.

"Alhamdu lillahi, ga malamin gonarmu nan. Ɗan gidan ne, kuma har jami'a ya karanci ganye. Malam, zo ka raba mu da baƙin nan, ka nuna musu ramar tsohuwarka."

Ina so ku fahimci yadda na shiga wurin nan. Da farin ciki na shiga. A karo na farko an yi mini tambayar da na san amsarta ciki da waje, ga kuma jama'a. Na durƙusa a gaban tulin na ɗauki kara ɗaya na ɗaga. Na ce su duba, ganyen rama ya yi yatsu, amma yatsun a haɗe suke daga tushe kamar tafin hannu. Na wiwi kowane yatsa daban yake, a wuri ɗaya kawai suke haɗuwa. Na ce su shafa karan su ji ƙaiƙayi, su ga furen, babba, mai jan ciki, kamar na kuɓewa. Na tsinki ganye na tauna, na ba saurayin nan ya tauna, tsami ya kama shi ya yamutsa fuska, aka sake fashewa da dariya. Na ajiye wannan na ɗauki wani. Rama. Na ɗauki wani. Rama. Har na fara jin daɗin muryata. Sai na zura hannu ƙasan tulin na jawo wani kara, kafin idona ya gan shi hancina ya riga ya ji shi, yatsuna kuma suka ji danƙo. Babu fure, babu ƙaiƙayi. Hannuna ya tsaya a sama.

"Wannan fa, Malam?" in ji mai furfura.

Wani daga baya ya ce, "Wataƙila zai ce," aka yi dariya, don ba su gane ba tukuna.

Na ɗaga kai. Baba na tsaye kusa da Dagaci yana murmushin uban da ɗansa ke fitar da shi kunya. Can gefen dawa Sale na tsaye da fartanya a kafaɗa, shi kaɗai ne ba ya dariya. Na yi ta ƙoƙarin tuna abin da ya ratsa zuciyata a wannan lokaci, don in faɗa muku ko tsoron rasa aiki ne, ko tsoron Allah, ko girman kai na wanda bai so a ce ya kasa gane ganye. Gaskiya ban sani ba. Abin da na sani shi ne kalmar da na saba da ita tana kan harshena, an ma riga an faɗa mini ita daga bayan taron, sai kawai ta ƙi fita.

"Wannan ba rama ba ce," na ce.

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Tushe bakwai suka samu, an jera su a tsakiyar layi biyun nan inda rama ta fi duhu. Mai furfura ya tambayi mai gonar. Iyaka ce, kuma a wurinmu iyakar gandu ta mai gida ce, don haka Baba ya buɗe baki zai amsa. Sale ya ajiye fartanyarsa ya matso.

"Ni na shuka. Tsoho bai sani ba, Inna ba ta sani ba. Sha nake yi, ba sayarwa ba."

Suka tafi da shi da kayan aikinsa a jikinsa. Da zai shiga mota ya dube ni, ba da fushi ba, kamar dai yadda ake duban baƙo ana son a tuna inda aka san shi.

Ni ne ɗan fari, kuma kun san al'adarmu, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma doguwar magana da ni. Idan tana son abu sai ta faɗa wa iska, in ji. Ranar nan da la'asar tana zaune a bakin turmi, Rabi na kuka a ɗaki, na shigo na durƙusa. Ba ta dube ni ba. Da tukunyar da ke gabanta ta yi magana.

"Shekara nawa muna jin wataƙila a gidan nan. A tambayi mutum ko ya ƙoshi, wataƙila. A tambaye shi ko rana za ta faɗi, wataƙila. Rana ɗaya tak da wataƙilar za ta yi wa wani amfani, ranar aka neme ta aka rasa."

Baba ya ce, "Yaron nan gaskiya ya faɗa."

"Na ce ƙarya ya yi? Gaskiyar ce ba ta da sauran rana sai yau, a gaban baƙi?"

Washegari ta ɗauki lauje da kanta ta je ta sare sauran ramar, ba ta jiƙa ko kara ɗaya ba, ta bar ta a nan ta bushe. Shekarun da Sale ya yi a ɗaure ba a ci kwaɗon rama a gidanmu ba, kuma tsakanina da ita gaisuwa ce kawai.

A nan ne na fara karatun da jami'a ba ta koya mini ba. Ni a zatona, tunda sha yake yi, za a yi masa faɗa, a ci shi tara, ko a tsare shi 'yan makonni ya ji jiki. Na je birni wurin wani lauya, mutum mai son barkwanci, ya saurare ni har na gama, sannan ya ɗauko littafin doka ya buɗe mini wuri biyu. Ba zan rubuta adadin shekarun da na gani ba, don doka na canzawa kuma kada in sa ku cikin kuskure. Abin da zan ce, ko hukuncin sha da aka rubuta ya isa mutum ya shiga da ƙuruciya ya fito da furfura. Na noma kuwa ya fi shi nesa ba kusa ba.

"Amma tushe bakwai ne," na ce masa. "Wannan ai ba noma ba ne. Ni malamin gona ne, na san noma."

"Malam, a ofishinku ne ake auna eka. Littafin nan bai ce gona ba, cewa ya yi shuka. Da ƙaninka saye ya yi a tasha aka kama shi da ƙulli ɗaya, da aikina ya fi sauƙi. Shi da ya ga dama ya zama manomi."

Wannan magana ta tsaya mini, domin da na ziyarci Sale a inda ake tsare da shi kafin shari'a, dalilin da ya ba ni na shukar shi ne don ya daina zuwa wurin masu sayarwa. Ya ce suna haɗa masa da wasu abubuwa da bai sani ba, kuma yana jin kunyar a gan shi a lungunsu, shi da yake sahun gaba a masallaci. Wato ya shuka ne don ya guje wa dillalai, doka kuwa saboda shukar ta jera shi a sahunsu. Na yi ta juya wannan a kaina. Na fahimci dalilin masu doka, ko ina zaton na fahimta: wanda ya shuka bakwai bana yana iya shuka ɗari baɗi, kuma alƙali ba ya ganin zuciya. Amma na kasa gane yadda za a ce mudu da buhu awo ɗaya ne.

A kotu ba a ma kira ni shaida ba. An kai ganyen an gwada, Sale ya amsa laifinsa, lauya ya roƙi sassauci da cewa laifin farko ne kuma yana da mata da 'ya'ya biyu. Alƙali ya ba shi shekara uku. Lauyan ya ce in gode wa Allah, an tausaya. Na gode, amma ni na dawo ƙauye na faɗa wa Rabi, kuma ban ga yadda zan ce mata an tausaya ba.

Duk Asabar na riƙa zuwa ina nome gayaunarsa. Hannuna na biro ne, ya yi kanta ya fashe. Babu wanda ya sa ni, babu wanda ya hana ni, babu kuma wanda ya ce sannu. Sau ɗaya a wata nakan je gidan yari da ƙuli da garin kwaki. Watannin farko yakan karɓa ya yi godiya kamar yadda ake yi wa baƙo. A cikin shekara ta biyu ne ya fara magana, kuma ranar ne na fara jin sabon sunana.

"Malam Tabbas, an iso? Zauna. Kai da kake son tambaya, ba ka tambaye ni su wa nake kwana da su ba."

Na ce su wa ne.

"Makaranta ce, Yaya, ta fi taku. Na shigo na san ganye ɗaya. Yanzu na san ƙwaya kala-kala, na san wacce ke sa barci da wacce ke hana shi, na san wanda zan nema a kowace tasha daga nan har iyaka. Manyan dillalai ba sa daɗewa a nan. Mu masu tushe bakwai mu ne 'yan gida."

Ban san iyakar gaskiyar abin da ya faɗa a kan manyan ba, fursuna na iya faɗin abin da ɗacin rai ya sa shi. Amma maganar ƙwaya gaskiya ce, don da idona na gani. Ya fito bayan shekara uku, aka yi murna, Inna ta yanka zakara. Kafin kaka ta zagayo mun gane cewa wanda ya dawo ya fi wanda ya tafi nisa. Da, yana sha yana noma. Yanzu ƙwaya yake haɗiya, ya kwana biyu bai san inda fartanyarsa take ba. Aikin lodin ma ya gagara, don masu mota sun ji inda ya fito. A cikin wannan hali Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, kuma ranar jana'iza sai da aka riƙe Sale a sahu.

Bayan sadakar bakwai Inna ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta aika aka kira ni, ta dube ni a ido.

"Kai ka san ganye. To ka nemo mini wanda ya san maganinsa."

Wannan karon ban ce wataƙila gajiya ce ba. Na yi tambaya har na samu wani asibiti a birni da ke da sashen masu irin wannan lalura. Na ɗauki Sale muka je, yana zagina a hanya. Abin da ya ba ni mamaki a can shi ne tambayoyin likitan. Yaushe ka fara, me kake ji idan ba ka sha ba, wa kake da shi a gida, me kake so ka koma yi. A duk shekarun nan, daga gona zuwa kotu zuwa gidan yari, ba wanda ya yi masa ko ɗaya daga cikinsu, har da ni. Ya kwanta makonni, muka yi ta komawa wata da watanni, ya faɗi sau biyu ya tashi. Limaminmu ma ya riƙa jansa a jiki maimakon ya yi huɗuba da shi. A hankali ya dawo. Ba zan ce asibiti kaɗai ne ya yi ba. Wataƙila shekaru ne, wataƙila mutuwar Baba ce ta girgiza shi, wataƙila addu'ar Inna ce, kuma duka da ikon Allah. Abin da na iya lura da shi kawai, shekara uku na ɗauri ba su raba shi da komai ba sai gonarsa.

Yanzu ina jin muhawara a rediyo a kan gyaran wannan doka, kuma duk lokacin da aka fara nakan ce ku yi shiru, kuna mamaki. Wasu na cewa a raba mai sha da mai fatauci, a kai na farko asibiti, a bar gidan yari ga na biyu. Wasu na cewa sassauci zai buɗe ƙofa, yara su ɗauka an halatta. Ana kawo labarin ƙasashen da suka saki abin gaba ɗaya, wasu na yabo wasu na tsinuwa. Ni ba na cikin masu cewa a saki. Addininmu ya hana abin da ke gusar da hankali, kuma na ga abin da ya yi wa gidanmu. Masu tsoron sassauci ma ba na raina su, don Inna da kanta, da aka kama wani mai sayar wa yara a bayan makaranta, cewa ta yi kada a sake shi. Ina dai da tambayoyin da har yau ban ji an amsa mini ba. Idan an ɗaure mutum don ya daina, ana komawa a duba ko ya daina? Idan asibitin nan ɗaya ne a birni, mutumin ƙauye da ba shi da wa mai babur da takarda, ina za a kai shi? Kuma wa zai tsaya a bakin gona ya ce wannan mai sha ne, wannan mai fatauci ne, ba tare da ya yi kuskure ko an saye shi ba? Na taɓa tsayawa a irin wannan wuri, na san nauyinsa.

Shekarar da Sale ya cika shekara biyu bai taɓa komai ba, shi da kansa ya sake shuka rama a kan iyakar, layi biyu, daga bakin hanya har gindin kuka. Inna ta ci kwaɗonta kafin ta rasu. Amma ni da shi ba mu taɓa maganar ranar nan ba sai bara waccan, mu biyu duk da furfura. Na same shi a bakin kududdufi yana ɓare ramar da ya jiƙa, wari ya cika wurin, na zauna a kan tushen kuka na yi masa tambayar da na shekara fiye da ashirin ina ɗauke da ita.

"Sale, da na ce wataƙila a ranar nan, me kake gani zai faru?"

Bai daina aikinsa ba. Ya ja zaren ya yarfe ruwan.

"Wataƙila da sun tafi."

Ya ɗago ya dube ni, sannan ya yi dariya.

"Ka ji yadda take da daɗi a kunne? Haka muka sha ta a wurinka. Yaya, mai furfuran nan ba yaro ba ne. Hannunka ya riga bakinka magana, kowa ya gani. Da ka ce wataƙila, da sun kwashi ganyen da mai gona sun tafi gwaji, mai gona kuwa Baba ne. Ko da na fito na amsa, da sai ya kwana a can. Ko kuma da sun tafi ɗin, in ƙara bakwai baɗi. Ban sani ba. Kai ma ba za ka sani ba, ka haƙura."

"To sunan fa? Har yau ba ka daina ba."

"Da farko don ya yi maka ciwo na sa shi. Na yi shekara ina jin haushinka, ba zan ɓoye ba. Daga baya na duba na ga ba kai ka rubuta shekara uku a kan tushe bakwai ba. Kai ganye aka tambaye ka, ka faɗi sunansa." Ya miƙo mini wani kara. "Abin da na riƙe a kanka ɗaya ne. Ka ga idona tun kafin baƙi su gani. Ranar ce ya kamata ka tabbata."

Na karɓi karan na fara ɓarewa. Muka yi aiki har la'asar.

To, ga abin da ke cikin ɗaurin ramar da kuke gani duk damina. Idan dangi sun ce muku ni na kai Baffanku gidan yari, kada ku yi musu da su, akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Amma idan wata rana kuka ga jan ido a fuskar ɗan'uwanku, kada ku yi irin nawa, ku zaunar da shi ku tambaye shi tun magana tana cikin gida. Bana ma saƙon ya zo, ranar Talata. Mahaifiyarku ta ajiye ɗaurin a gabana tana dariya, ni kuwa na kwance shi na duba ganyen ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda nake yi duk shekara idan kun bar wurin. Na aika masa cewa na duba, rama ce, na tabbata.